Yadda nake haɗa wayar ma'aikaci da imel, kalanda da netwok na kamfani

Wayoyi biyu ne a wannan aikin, ɗaya Android ɗaya iPhone, kuma dukansu mallakin ma'aikatan ne, ba na kamfani ba. Ana son kowacce ta riƙa karɓar imel ɗin ofis, ta nuna kalandar taruka, ta hau Wi-Fi na cikin gini, sannan ta iya buɗe shafukan cikin gida na kamfanin daga waje ta hanyar VPN, wato wani rufaffen rami ta cikin intanet da ke haɗa waya da netwok ɗin ofis. Imel ɗin kamfanin yana kan Microsoft 365, kula da wayoyi kuma da Intune ake yi, wato tsarin Microsoft na sarrafa na'urori daga nesa. Wanda ke aiki da Google Workspace ko wani tsarin zai tarar da sunayen maɓallai sun bambanta, amma jerin aikin ɗaya ne, kuma jerin shi ne komai. Kowane mataki a kan na bayansa yake tsaye. Wanda ya fara da imel kafin ya yi wa wayar rajista zai yi ta saka kalmar sirri daidai ana ƙin karɓa, har ya fara zargin yatsunsa, alhali ba shi sabar take tuhuma ba, wayar ce ba ta sani ba tukuna.

Kafin in taɓa wayar sai na tabbatar da irin ikon da kamfanin zai samu a kanta, kuma sai na faɗa wa mai ita dalla-dalla. Iri uku ne. Na farko, kamfani ya mallaki wayar gaba ɗaya: shi ke yanke abin da za a saka, yana iya goge ta tas daga nesa. Wannan na wayar da kamfani ya saya ne, kuma a Android sai an mayar da waya sabuwa fil kafin a shigar da ita haka. Na biyu, a keɓe wa aiki wani sashe a cikin wayar, kamar ɗaki mai nasa makulli a cikin gidan mutum. Android na da wannan tun sigar 5.0, Apple kuma ya kawo nasa a iOS 13 a shekarar 2019 da sunan User Enrollment. A nan kamfani yana ganin manhajojin aiki, samfurin wayar da sigar tsarinta, amma ba ya ganin hotuna, saƙonnin tes ko tarihin burauzar mai wayar, kuma idan ya goge, sashen aikin kaɗai ke tafiya. Na uku shi ne mafi sauƙi: ba a yi wa wayar rajista kwata-kwata, manhajojin aiki irin su Outlook da Teams kawai ake ɗaura wa doka, a sa musu lambar sirri ta daban, a hana kwafe rubutu daga cikinsu zuwa WhatsApp. Idan imel da kalanda kaɗai ake buƙata, na ukun ya wadatar. Amma tunda a nan ana son Wi-Fi da VPN masu aiki da satifiket, wato shaidar dijital da ake girka wa waya a madadin kalmar sirri, dole sai na biyu, domin sai wayar da ke da rajista ake iya tura wa satifiket ba tare da hannun mutum ba.

Abin da ya sa nake dagewa a kan wannan bayanin shi ne tsohuwar hanya tana nan ba ta mutu ba. Idan aka saka asusun Exchange, sabar imel ta Microsoft, a manhajar imel da ta zo da waya ta ka'idar ActiveSync, umarnin gogewa daga sabar yana iya share wayar baki ɗaya, har da hotunan iyali. Sai a sigar 16.1 ta ActiveSync aka samu gogewar da ke tsayawa a kan asusun kaɗai. Mutane suna danna amincewa a wannan allon ba su karanta ba, kuma ba na ganin laifinsu, rubutun ba a yi shi don a fahimta ba.

Shiri na farko ba shi da wani armashi, amma a nan ake kashe rabin matsalolin. Na duba cewa agogo da yankin lokaci suna kan saiti na kai-tsaye daga netwok. Lambobin tantancewa masu lamba 6 suna canzawa duk daƙiƙa 30, satifiket ma yana da ranar fara aiki da ta ƙarewa, saboda haka wayar da agogonta ya kauce da 'yan mintuna za ta riƙa faɗuwa a wuraren da ba wanda zai kawo agogo a ransa. Na sabunta tsarin wayar zuwa sigar da dokar kamfanin ta yarda da ita. Na sa makullin allo mai lamba 6, domin zanen da ake ja da yatsa a allo ko lamba 4 ba sa cika sharaɗin da aka gindaya a nan. Wayar da aka fasa tsarinta don samun cikakken iko, ko a Android ko a iPhone, ba ta wucewa, kuma ba na ɓata lokaci a kanta. Haka wayar Android da ba ta da ayyukan Google Play ba za ta iya buɗe sashen aiki ta hanyar da aka saba ba. Ta ɓangaren ofis kuma na duba abu biyu: cewa an ba ma'aikacin lasisin da ya haɗa da Intune, da cewa bai cika adadin wayoyinsa ba. Intune yana zuwa da iyakar na'ura 5 ga kowane mutum, ana iya ɗagawa zuwa 15, kuma tsofaffin wayoyin da aka sayar ko suka lalace suna ci gaba da cin gurbi har sai an cire su da hannu.

Daga nan sai tantancewa ta biyu. Wannan da kwamfuta nake fara ta, ba da wayar ba. Ma'aikacin ya shiga shafin bayanan tsaro na asusunsa a kwamfuta, ya zaɓi ƙara manhajar tantancewa, wani murabba'in QR ya fito, ya ɗauke shi da Microsoft Authenticator a wayar. Gwajin farko kan nuna lamba mai alƙaluma biyu a allon kwamfuta, a ce 47, wayar ta yi ƙara ta buɗe akwati tana jiran a rubuta 47 ɗin, a ƙasa kuma ga maɓallin da ke cewa ba ni ba ne. Tun watan Mayu na 2023 aka wajabta wannan daidaita lambar, domin a da masu kutse kan yi ta aiko da buƙatar amincewa cikin dare har mutum ya gaji ya danna. Ina gaya wa kowa cewa idan akwatin nan ya fito ba shi ne ke ƙoƙarin shiga ba, to wani yana riƙe da kalmar sirrinsa, ya ƙi amincewa ya sanar nan take. Ina kuma sa a ƙara hanya ta biyu ta tantancewa tun a zaman nan, saboda ranar da waya ta faɗa ruwa.

Rajistar Android ta tafi sumul. Na sauke Company Portal, manhajar rajista ta Intune, daga Play Store, ma'aikacin ya shiga da asusun aiki, ya karanta allon da ke jera abin da kamfani zai gani da wanda ba zai gani ba, wayar ta ɗauki 'yan mintuna tana gina sashen aiki. Da ta gama, jerin manhajoji ya rabu gida biyu, na kai da na aiki, na aikin kowacce da ɗan hoton jaka a gefenta. A nan ne mutane ke yawan ruɗewa. Play Store ma ya zama biyu, kuma Outlook ɗin da za a yi aiki da shi sai wanda aka sauke daga mai alamar jaka. Idan mutum yana da Outlook a ɓangarensa na kai ya saka asusun aiki a ciki, sabar za ta ɗauke shi a matsayin wayar da ba ta da rajista ta toshe shi, ko da yake waya ɗaya ce a hannunsa.

iPhone ɗin ta fi buƙatar kulawa. A hanyar da muka bi, Company Portal ya buɗe Safari ya sauke furofayil ɗin kulawa, sannan sai mutum ya fita da kansa ya je Settings, General, VPN & Device Management ya girka shi. Minti 8 kacal aka ba shi. Idan ya tsaya amsa kira ko ya shagala, wayar ta goge furofayil ɗin, sai a sake daga farko. Akwai kuma kariyar sata da Apple ya ƙara a iOS 17.3, Stolen Device Protection. Idan tana kunne kuma wayar ba ta ɗauki wurin da ake a matsayin inda ta saba ba, tana iya hana girka furofayil ɗin, kashe ta kuma yana zuwa da jiran awa guda. Sabon ma'aikaci a ranarsa ta farko a ofis daidai wannan halin yake ciki. Shi ya sa ake gaya masa tun kafin ya zo ya kashe ta a gida, a kunna ta da zarar an kammala.

Bayan rajista sai haƙuri. Wayar tana bukatar ta kai rahoton kanta, sabar ta auna ta da dokoki, ta rubuta cewa ta cika sharuɗɗa, kafin ƙofar imel ta buɗe. Wani lokaci minti biyu, wani lokaci fiye da kwata. A yanayi na yau da kullum wayoyi kan tuntuɓi Intune kusan duk awa 8, don haka idan na canza wata doka ba na zama jira, sai in danna maɓallin duba matsayi a Company Portal. Idan aka ƙi shiga, ba na tsayawa a kan jimlar da ke saman allo, lambar da ke can ƙasa nake nema. 50126 na nufin suna ko kalmar sirri ce ba daidai ba. 53000 na nufin wayar ba ta cika sharuɗɗa ba ko ba a san ta ba. 53003 na nufin wata dokar shiga ce ta tare hanya, wataƙila saboda manhajar da aka yi amfani da ita ko ƙasar da ake. 50053 kuma an kulle asusun. Daga cikin huɗun nan ɗaya ce kawai canza kalmar sirri ke magancewa, amma ita ce maganin da kowa ke fara gwadawa, kuma hakan ƙara dagula lamarin yake yi.

Imel ɗin kansa, idan an zo nan da tsari, ba ya cin minti biyu. Outlook ya ga asusun da aka riga aka shiga da shi, ya tambaya ko a ƙara, shi ke nan. Ba a rubuta sunan sabar, domin manhajar tana gano shi ta hanyar Autodiscover, wato wani rikodi da ke nuni zuwa autodiscover.outlook.com a DNS na kamfanin, kundin da ke fassara suna zuwa adireshin intanet. Idan waya ta fara tambayar sunan sabar da sunan yanki da hannu, galibi rikodin nan ne ya ɓace ko yake nuni zuwa tsohuwar sabar da aka daina amfani da ita, gyaran kuma a DNS yake, ba a wayar ba. Wani abin lura: allon shiga na gaskiya shafi ne na kamfanin da ke buɗewa da tambarinsa. Manhajar da ta ba da akwati biyu kawai, suna da kalmar sirri, tana amfani da tsohuwar hanyar da Microsoft ya fara rufewa a Exchange Online daga 1 ga Oktoba 2022, kuma ba za ta taɓa shiga ba komai daidaiton kalmar. A sabuwar hanyar wayar ba ta ajiye kalmar sirri, wata shaidar wucin gadi take riƙewa da ke ƙarewa cikin minti 60 zuwa 90 tana sabunta kanta a ɓoye.

Ƙananan kamfanoni da ke da imel a wajen mai masaukin shafinsu sukan yi amfani da IMAP a tasha 993 da SMTP a 587. Yana aiki, sai dai IMAP wasiƙu kawai yake ɗauka. Kalanda da lambobin mutane sai an haɗa su daban ta CalDAV da CardDAV, wanda iPhone ke da su a ciki, Android kuma sai da ƙarin manhaja.

Ƙorafin da ke biyo baya kusan kullum shi ne imel ba ya shigowa sai an buɗe manhajar. A Android tsarin tanadin batir ne ke kwantar da ita, wasu masu ƙera waya kuma sun tsananta shi fiye da yadda ya zo, don haka na cire Outlook, Authenticator da Company Portal daga takunkumin batir. Na kuma nuna wa mai wayar maɓallin dakatar da sashen aiki. Abu ne mai kyau a ƙarshen mako, amma muddin yana kashe ba imel, ba tunatarwar taro. Idan kuma sanarwa na zuwa a kan data amma ba ta zuwa a Wi-Fi na ofis, katangar netwok ce ta toshe tasha 5223 ta Apple ko 5228 zuwa 5230 na Google.

A kalanda gwaji ɗaya nake yi, kuma ya isa. Na sa ma'aikacin ya ƙirƙiri taro a wayar, na duba daga kwamfuta ko lokacin ya nuna ba shi da sarari. A iPhone ɗin bai nuna ba, saboda an yi taron a manhajar Calendar, ita kuma kalandar da take zubawa ciki ta asali ta iCloud ce. Mai waya yana ganin taronsa, abokan aikinsa suna ganin sarari, sai su ɗora masa wani a kai. Ana gyara wannan a saitin Default Calendar. Ina kuma ba da shawarar a riƙa amsa gayyata daga manhaja ɗaya tak. Taro mai maimaituwa da aka amsa a nan, aka gyara a can, aka goge kwana ɗaya daga cikinsa a na'ura ta uku, shi ne ke rikiɗewa ya zama biyu ko ya ɓace.

Wi-Fi na kamfani ba kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani yake amfani da ita ba. Tsarin 802.1X ne, inda wata sabar RADIUS ke tantance kowane mutum. Iri biyu aka fi gani: PEAP mai amfani da suna da kalmar sirri, da EAP-TLS mai amfani da satifiket. A nan EAP-TLS ne, kuma Intune ya tura abu uku a jere: satifiket na tushe na kamfanin, satifiket na wayar ta hanyar SCEP, sannan saitin Wi-Fi. Idan na tsakiyar bai iso ba, na ukun ba ya girkuwa, netwok ɗin ma ba zai bayyana a cikin waɗanda aka adana ba, don haka satifiket nake fara dubawa kafin in zargi siginar. Masu saka PEAP da hannu a Android sukan yi tuntuɓe a wani wuri daban. Tun wani sabuntawa na Android 11 aka fara cire zaɓin kada a tantance sabar, yanzu sai an zaɓi satifiket an kuma cike gurbin Domain da sunan da ke jikin satifiket na sabar RADIUS. Harafi ɗaya ya kuskure, wayar ta ce tana haɗawa, ta koma ta ce an adana, ba wani bayani. Ni dai ina ganin cirewar ta yi daidai, domin da wancan zaɓin duk wanda ya kafa Wi-Fi mai irin sunan na ofis yana iya tattara bayanan shigar ma'aikata. Sannan wuraren da har yanzu ke tantance na'ura da adireshin MAC, lambar shaidar da na'ura ke nunawa a netwok, su sani cewa tun Android 10 da iOS 14 wayoyi na nuna adireshi na bogi ga kowane netwok, sai an kashe wannan ga netwok ɗin ofis kaɗai.

VPN na bari ƙarshe, kuma ba a gwada shi a kan Wi-Fi na ofis. Na kashe Wi-Fi na koma data, domin abin da ake son sani shi ne ko zai yi aiki daga waje. Saitin da aka tura na kowace manhaja ne: burauzar aiki ce kaɗai ke bi ta ramin, sauran harkokin mai waya ba sa ratsa netwok ɗin kamfani. Ga wayar da mutum ya saya da kuɗinsa wannan shi ne adalci, kuma batir ya fi daɗewa. Tsofaffin takardun umarni masu cewa a zaɓi tsohon nau'in VPN na PPTP a yar da su, Apple ya cire shi tun iOS 10 a 2016.

Alamar makulli ta fito a saman allo, amma wannan ba shaida ba ce cewa komai ya yi. Na buɗe shafin cikin gida da sunansa, bai buɗe ba. Na rubuta adireshin IP ɗinsa, ya buɗe. Wannan bambancin kaɗai ya nuna ramin lafiya lau yake, DNS ne bai bi ta ciki ba: wayar tana tambayar sabar waje sunan da sabar cikin gida kaɗai ta sani. An ƙara sunan yankin cikin gida a saitin VPN, aka sake turawa, ya buɗe. A Android, Private DNS da aka sa wa sunan wata sabar da hannu yana iya haifar da irin wannan. Akwai wasu alamu uku da suka cancanci a haddace. VPN da ke aiki a data amma ya ƙi a Wi-Fi na otal ko filin jirgi, an toshe UDP 500 da 4500 da VPN nau'in IKEv2 ke bi ne, mafita ita ce hanyar da ke bi ta 443. Wanda ke haɗuwa a gida amma ba a kai ga komai, sau da yawa na'urar gidan da netwok ɗin ofis ne suka yi karo a jerin adireshi ɗaya, irin 192.168.1.0, sai wayar ta ɗauka sabar ofis tana cikin falo. Wanda kuma ƙananan shafuka ke buɗewa amma manya ko fayiloli su maƙale a tsakiya, girman fakiti ne: ramin yana ƙara nasa nauyi a kan 1500 da aka saba, rage MTU, wato iyakar girman fakitin, zuwa wajen 1400 kan warware shi.

Matsala mafi cin rai ba a ranar haɗawa take zuwa ba, sai ranar da aka canza kalmar sirri. Asusu ya kulle, a buɗe, bayan ɗan lokaci ya sake kullewa, mai shi yana rantsuwa bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa ne. Wata na'ura ce ke ta gwada tsohuwar kalmar ba ta gajiya: tsohuwar waya a cikin durowa da ke kan caji, ko kwamfutar hannu da aka taɓa saka wa imel aka manta, ko saitin Wi-Fi na PEAP a wayar da ke aljihunsa, wanda ke ƙwanƙwasa sabar duk lokacin da ya shigo gini. A sabar Active Directory mai riƙe da asusun ma'aikata, rikodi mai lamba 4740 yana nuna lokacin kullewar da inda buƙatar ta fito, daga nan ake bin sawu. Wannan ne babban dalilin da ya sa na fi son satifiket a Wi-Fi da VPN, canza kalmar sirri ba ya shafarsa. Shi ma dai yana da ranar mutuwa, kuma wayar da ta daɗe a kashe ba ta sabunta nata ba za ta dawo ta tarar an rufe mata ƙofa. Ta ɓangaren masu kula da tsarin, satifiket ɗin da ke ba su damar aika umarni zuwa na'urorin Apple shekara ɗaya yake yi, kuma dole a sabunta shi da asusun Apple ɗin da aka ƙirƙire shi da shi. Idan aka yi sabo maimakon sabuntawa, duk iPhone ɗin kamfanin sai an sake musu rajista ɗaya bayan ɗaya.

Idan ma'aikaci zai canza waya, sabuwar ake fara kammalawa, a ƙara Authenticator ɗinta a shafin bayanan tsaro yayin da tsohuwar ke nan don ta amince da shigar, a gwada, sannan a cire tsohuwar daga Company Portal kafin a goge ta. Asusun aiki da aka dawo da shi cikin Authenticator daga ajiyar girgije sunansa kawai ke dawowa, sai an sake tantance shi kafin ya yi aiki. Idan kuma barin aiki zai yi, umarnin da ake bayarwa a Intune ga wayar da ba ta kamfani ba shi ne Retire, wanda ke cire imel, satifiket, Wi-Fi da VPN ya bar sauran. Wipe yana kusa da shi a allo ɗaya, kuma a na'urar da aka yi wa cikakkiyar rajista mayar da ita yake yi yadda ta fito daga kwali, don haka a duba sunan na'urar da irin rajistarta kafin a danna.